Ambaliyar Laka da Gini a Gindin Tsauni: Tambayoyi da Amsoshi

Duk inda gangare mai tsayi ya haɗu da ruwan sama mai ƙarfi, akwai yiwuwar wata rana ƙasa da duwatsu da itatuwa su gangaro tare cikin 'yan mintoci. An tanadi waɗannan amsoshi ne domin mai shirin sayen fili ko yin gini a gindin tsauni ko a bakin kwari, da kuma wanda ya riga ya zauna a irin wannan wuri yana neman sanin abin da zai rage masa haɗari.

Mece ce ambaliyar laka, kuma me ya bambanta ta da ambaliyar ruwa da zaftarewar ƙasa?

Ambaliyar laka cakuɗe ce ta ruwa da ƙasa da yashi da tsakuwa da manyan duwatsu, sau da yawa har da kututturan itatuwa, wadda ke gangarowa ta cikin kwazazzabo ko hanyar ƙorama da gudu mai tsanani. A ambaliyar ruwa da aka saba gani, ruwa ne ke ɗauke da ɗan abin da ya tarar a hanya. A ambaliyar laka kuwa, rabi ko fiye na abin da ke tafiya ƙasa ce da duwatsu, shi ya sa take da kauri kamar kwaɓaɓɓen kankare. Kubik mita ɗaya na ruwa nauyinsa tan ɗaya ne, amma na wannan laka yakan kai tan biyu, kuma wannan nauyi ne ke ba ta ikon ɗaukar dutsen da ruwa zalla ba zai ko motsa shi ba.

Zaftarewar ƙasa ita ce ɓallewar wani ɓangare na gangare ya sulalo ƙasa, kuma sau da yawa tana tsayawa kusa da inda ta ɓalle. Idan ƙasar da ta zaftare ta jiƙe sharkaf ta kuma faɗa cikin kwari, sai ta rikiɗe ta zama laka mai gudu wadda ke tafiyar nisa. Abin da ya faru ke nan a Freetown, babban birnin Saliyo, da safiyar 14 ga Agusta 2017: gefen tsaunin Sugar Loaf ya ɓalle a yankin Regent, lakar ta bi kwarin rafi kimanin kilomita 6 har zuwa teku, kuma fiye da mutum 1,100 suka mutu ko suka ɓace. Da yawa daga cikinsu gidajensu ba su kusa da tsaunin.

Me ke haddasa ta?

Abubuwa uku ne ke haɗuwa: gangare mai tsananin gangara, sakakkiyar ƙasa ko tarkacen duwatsu da ke kwance a kansa, da ruwa mai yawa cikin ɗan lokaci. Ruwan na iya zuwa ta hanyoyi dabam-dabam. Wanda aka fi sani shi ne mamakon ruwan sama, musamman idan ya sauka a kan ƙasar da ta riga ta ƙoshi da ruwan kwanakin baya, domin a lokacin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa yana rage riƙon da suke yi wa juna. Akwai kuma narkewar dusar ƙanƙara, da fashewar tafkin da ƙanƙara ko zaftarewa ta tare, da aman wutar dutse da ke narkar da ƙanƙarar samansa ko ya bar toka mai yawa a kan gangare.

Hannun ɗan Adam ma yana ciki. Yanka gangare domin hanya ko gida, zubar da ciko a saman kwari, tara sharar ma'adinai, da sako ruwan magudana a kan gangare duk suna samar da ɗaya daga cikin abubuwan nan uku a inda babu shi a da.

Wane irin fili ne ya fi haɗari?

Mutane da yawa suna tsoron gangaren kansa, suna kuma ganin cewa da zarar an sauko inda ƙasa ta fara miƙewa an tsira. Amma filin da ya fi cin rayuka shi ne shimfiɗar da ke bakin kwari, wato inda ƙorama ta fito daga matsin tsaunuka ta buɗe zuwa sarari. Irin wannan fili yana da ban sha'awa ga mai gini: yana da ɗan tudu, ruwa ba ya kwanciya a kansa, ƙasarsa tana da tsakuwa mai ɗaukar fandisho, ga iska ga kyan gani. Sai dai tambayar da ya kamata a yi ita ce, wa ya kawo wannan ƙasa nan? Amsar ita ce ambaliyar laka ce ta zuba ta, sau bayan sau, cikin ɗaruruwa ko dubban shekaru. Filin da kansa shaida ne cewa laka na zuwa wurin.

Wani abin da ke ƙara haɗarin shi ne cewa hanyar ruwa a kan irin wannan shimfiɗa ba ta da tabbas. Lakar farko na iya toshe hanyar ƙoramar da duwatsu, ta biyu kuma ta kauce ta bi wani gefe da ya shekara ɗari bai ga ruwa ba. Saboda haka nisan mita ɗari ko ɗari biyu daga bakin ƙoramar yau ba ya tabbatar da komai.

Jihar Vargas ta ƙasar Benezuwela, wadda yanzu ake kira La Guaira, misali ce da masana ke yawan komawa gare ta. A can tsaunuka sun matso har bakin teku, kuma kusan babu fili mai faɗi sai waɗannan shimfiɗu na bakin kwari, don haka a kansu aka gina garuruwa irin su Caraballeda da Carmen de Uria. Daga 14 zuwa 16 ga Disamba 1999 an auna ruwan sama milimita 911 a garin Maiquetía da ke jihar. Laka ta fito daga kwaruruka da dama a lokaci guda, ɗauke da duwatsun da wasunsu sun kai girman ɗaki, ta rushe sassan dogayen benaye na kankare, ta hallaka dubban mutane.

Bayan shimfiɗar bakin kwari, sauran wuraren da ake gudu su ne cikin kwarin kansa, da gefen waje na kwanar ƙorama, inda laka mai gudu ke hawa gaɓa ta tsallake, da ƙasan duk wani lungu da ke tattara ruwa a jikin gangare, da kuma kusa da gada ko kwalbati mai ƙaramin baki da zai iya toshewa.

Ta yaya mai sayen fili zai gane cewa laka ta taɓa bi ta wurin?

Sai ya taka da ƙafarsa, ya kuma haura sama har inda kwarin ya fara, domin abin da zai zo wa fili daga sama yake tahowa. Alama ta farko ita ce manyan duwatsu da ke warwatse a fili mai sauƙin gangara, nesa da duk wani dutsen da za su iya faɗowa daga gare shi. Ƙaramar ƙoramar da ke wurin ba za ta iya kawo su ba. Alama ta biyu ita ce dogayen kunyoyi na duwatsu da ke jere a gefen ƙorama ko a tsakiyar fili, domin laka tana ture manyan duwatsu gefe yayin da take wucewa.

A duba kuma inda ruwa ya yanke gaɓa ko inda aka haƙa rami. Ƙasar da ruwa ya shimfiɗa a hankali tana zuwa hawa-hawa, yashi da yashi, tsakuwa da tsakuwa. Wadda laka ta zuba kuwa a cakuɗe take: dutse mai girman kai a nutse cikin yumɓu, kusa da shi tsakuwa, wani lokaci da guntun itace a tsakani, babu wani tsari. Bishiyoyi ma suna ba da labari. Tabon da ya warke a gefen kututturen da ke fuskantar tsauni, a tsayin ƙugu ko ƙirji, yana nuna inda duwatsu suka buge shi. Bishiyar da aka binne gindinta, har ba a ganin inda saiwoyinta suka buɗe, ta nuna an zuba mata ƙasa bayan ta girma. Haka nan idan aka ga zirin ƙananan bishiyoyi masu shekaru iri ɗaya a tsakiyar tsohon daji, to wani abu ne ya share wurin a lokaci guda.

Waɗannan alamu suna isa su sa mutum ya dakata. Hukunci na ƙarshe aikin masanin ƙasa da duwatsu ne, wanda zai duba girman yankin da ke zubo ruwa cikin kwarin, da yawan tarkacen da ke kwance a ciki, da tsofaffin hotunan sama. Kuɗin wannan bincike kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin ginin, kuma kafin a biya kuɗin fili ne yake da amfani.

Dattawan wurin sun ce ba su taɓa ganin irin wannan ba. Wannan bai isa shaida ba?

Maganarsu tana da daraja, musamman idan sun ce sun taɓa gani. Idan sun ce ba su gani ba, abin da hakan ke nufi shi ne bai faru ba cikin shekaru sittin ko saba'in, alhali kwari guda na iya yin shiru fiye da ƙarni yana tara tarkace. Garin Armero na Kolombiya an gina shi ne a kan lakar da ta gangaro daga dutsen Nevado del Ruiz a 1595 da 1845. Shekara 140 bayan ta biyun, a daren 13 ga Nuwamba 1985, aman wutar dutsen ya narkar da wani ɓangare na ƙanƙarar samansa, kuma cikin kimanin awa biyu da rabi laka ta iso garin daga nisan kusan kilomita 70. Fiye da mutum 20,000 daga mazaunansa 29,000 suka mutu. Dogon shiru a kwari mai tara tarkace yana iya nufin cewa abin da zai fito ya ƙaru.

Mene ne amfanin taswirar haɗari?

Taswirar haɗari tana nuna inda laka za ta iya kaiwa da irin ƙarfin da za ta zo da shi. Amfaninta ya dogara ne ga ko doka ta ɗaura mata wani hukunci. A Siwizalan ana raba fili launi-launi: a yankin ja ba a ba da izinin sabon gini, a yankin shuɗi ana gini bisa sharuɗɗa, a yankin rawaya kuwa ana sanar da mai fili haɗarin. Japan ta kafa dokarta ta ware yankunan haɗari a 2000, bayan bala'in ambaliyar laka na Hiroshima na Yunin 1999. A can, a yankin rawaya wajibi ne hukuma ta tanadi tsarin gargaɗi da kwashe jama'a, a yankin ja kuma ana taƙaita raba filaye domin gidaje, ana tilasta gini mai jure bugun laka, har ana iya ba mazauna shawarar ƙaura. Dillalin gidaje ma dole ne ya bayyana wa mai saye cewa filin yana cikin yankin haɗari.

Armero tana da taswira. An kammala ta a Oktoban 1985, makonni kaɗan kafin bala'in, kuma ta nuna garin a hanyar laka. Ba a kwashe mutanen ba. Ya kamata kuma mai karanta taswira ya tuna cewa layin da ke kanta ƙiyasi ne, gidan da ke mita goma a wajen layin bai bambanta sosai da wanda ke mita goma a cikinsa ba.

Za a iya gina gidan da zai jure bugun laka?

Ya danganta da inda gidan yake. Ƙarfin bugun yana ƙaruwa ne da nauyin lakar da kuma gudunta sau kansa. Laka mai nauyin tan biyu a kubik mita, idan tana gudun mita 5 a daƙiƙa, tana danna bango da ƙarfin da ya kai kimanin tan 5 a kan kowace murabba'in mita. Idan gudun ya ninka zuwa mita 10 a daƙiƙa, ƙarfin ya ninka sau huɗu, ya kai tan 20. Wannan lissafi bai haɗa da bugun dutse guda da ke gaban lakar ba, wanda ke sauke duk ƙarfinsa a wuri ɗaya. Bangon bulo marar rodi ba ya jure ko na farkon. A tsakiyar hanyar babbar laka babu gidan zama da za a ce ya tsira da ƙarfin gininsa, kuma injiniyan da ya yi irin wannan alkawari ya kamata a nemi ra'ayin wani bayansa.

A gefen shimfiɗa ko can ƙasa, inda lakar ta rage gudu da zurfi, gini yana iya yin tasiri sosai. Bangon da ke fuskantar tsauni a yi shi da kankare mai rodi, a ɗaure shi da ginshiƙai da fandisho, kuma kada a sa masa ƙofa ko taga a hawan ƙasa. A juya gidan yadda siririn gefensa ko kusurwarsa ce za ta fuskanci inda laka za ta fito, domin ta rabu ta wuce. A ɗaga daɓen gida sama da matakin ƙasa, a kuma zurfafa fandisho, saboda ruwan da ke biyo bayan laka yana zaizaye ƙarƙashin gini. Ɗakunan kwana su kasance a bene ko a ɓangaren da ke nesa da tsauni, a bar ɗakin ajiya da garejin mota a gefen haɗari. Wannan na ƙarshe ba ya cin ko sisi idan tun a zane aka tsara shi, kuma yana da muhimmanci domin yawancin waɗannan bala'o'i suna riskar mutane ne a cikin gida, sau da yawa cikin dare.

Idan dole sai an yanka gangare ko an yi ciko, me ya kamata a kiyaye?

Ciko da aka zubar daga tifa aka bar shi haka nan yana cikin abubuwa mafi haɗari da ake yi a kan gangare. Yana iya shekaru yana tsaye, amma ranar da ya sha ruwa sai ya rushe ya malala gaba ɗaya. A Hon Kon, ranar 18 ga Yuni 1972, cikon da ba a danne shi da kyau ba ya malalo kan matsugunan Sau Mau Ping ya kashe mutum 71, kuma a 1976 wani ciko a yankin ya sake kashe mutum 18. Daga nan ne gwamnati ta kafa ofishi na musamman a 1977 domin kula da gangare. A garin Atami na Japan, ranar 3 ga Yuli 2021, cikon da aka tara a saman wani kwari fiye da yadda aka ba da izini ya ɓalle bayan kwanaki na ruwa, ya gangara kimanin kilomita 2 har teku, mutum 28 suka rasu. A Aberfan ta yankin Wales na Birtaniya kuwa, tarin sharar ma'adinin kwal da aka jibge a kan maɓuɓɓugan ruwa ne ya malalo ranar 21 ga Oktoba 1966, ya kashe mutum 144, daga cikinsu 116 yara ne.

Ƙa'idar aikin sananniya ce. A cire ciyawa da baƙar ƙasar sama, a yanka gangaren asali mataki-mataki domin cikon ya zauna a kai, a zuba shi hawa-hawa mai kaurin santimita 15 zuwa 30, a danne kowane hawa da inji kafin a ƙara wani. A shimfiɗa tsakuwa da bututu mai huji a ƙarƙashinsa domin ruwa ya samu mafita, kuma kada a taɓa binne idon ruwa. Bangon da ke tare ƙasa dole ya kasance da ramukan fitar ruwa da tsakuwa a bayansa, domin ruwan da ya taru a baya ne ke kayar da yawancin irin waɗannan bangaye. Dokokin gini da ake amfani da su a Amurka suna buƙatar a bar tazara tsakanin gida da gindin gangare da ta kai rabin tsayin gangaren, har zuwa kimanin mita 4.5. Wannan tazara domin ƙananan zaftarewa aka tsara ta, ba ta kare gida daga lakar da ta fito daga kwari.

Ruwan da ke fita daga gida yana da wani tasiri?

Yana da shi ƙwarai. Ruwan rufi da na tsakar gida a tattara shi cikin magudana mai siminti, a kai shi har hanyar ruwa da ke ƙasa. Kada a sako shi a kan gangare ko ciko. Sokawe da bututun ruwa mai yoyo a saman gangare suna jiƙa ƙasa duk shekara, kuma wanda ke zaune a ƙasa ne ke ɗaukar sakamakon.

Zan iya gina katanga domin karkatar da laka daga gidana?

Ana yin haka, amma da sharaɗi biyu. Na farko, katangar ta tsaya a karkace yadda laka za ta goge ta ta wuce, domin wadda ta tare hanya kai-tsaye tana ɗaukar cikakken bugu, kuma idan ta faɗi ɓaraguzanta suna shiga cikin abin da zai bugi gidan. Na biyu, sai an san inda lakar za ta nufa bayan an karkatar da ita. Tura ta gidan maƙwabci ko kan hanyar jama'a zalunci ne, kuma a ƙasashe da dama yana jawo shari'a. Saboda haka irin wannan aiki ya fi dacewa a tsara shi domin unguwa gaba ɗaya.

Waɗanne manyan ayyuka hukumomi ke yi, kuma har ina za a dogara da su?

A cikin kwari ana jera ƙananan madatsai ɗaya bayan ɗaya domin su rage gangarar hanyar ruwa, su hana ta zaizaye ƙasanta da gaɓarta. Ostiriya ta kafa hukumar wannan aiki tun 1884, Japan kuma ta yi dokar irin wannan aiki a 1897. Madatsan zamani da yawa ana barin su da tsaga ko shingen ƙarfe a tsakiya, ta yadda ruwa da yashi za su wuce kullum, manyan duwatsu da itatuwa kuma su maƙale ranar da laka ta zo. A ƙananan kwaruruka ana ɗaura raga mai zobban ƙarfe wadda ke miƙewa ta shanye ƙarfin bugu. A bakin kwari kuma ana haƙa babban rami mai tara tarkace, kamar waɗanda suka yawaita a gindin tsaunukan gundumar Los Angeles.

Madatsar Medeu da ke saman birnin Almati na Kazakistan ta nuna abin da irin wannan aiki zai iya yi. Laka ta taɓa ragargaza birnin a 1921. A 1966 da 1967 aka tayar da nakiyoyi a gefen tsaunuka domin duwatsu su zubo su tare kwarin, kuma a Yulin 1973, lokacin da wani tafkin ƙanƙara ya fashe, madatsar ta tare miliyoyin kubik mita na laka. Ta kusa cika, shi ya sa aka ƙara mata tsayi daga baya.

Nan ne iyakar waɗannan ayyuka take. Kowane rami da kowace madatsa an auna su ne da wani girman ambaliya, kuma wanda ya cika da tarkace ba a kwashe ba, to ya daina aiki ko da ana ganinsa tsaye. Akwai kuma matsalar da ba a cika faɗa ba: da zarar an gina kariya, sai mutane su saki jiki su cika ƙasanta da gidaje, ta yadda ranar da aka samu ambaliyar da ta fi ƙarfinta asarar za ta fi ta da. Mai sayen fili a ƙasan madatsa ya tambayi wa ke kwashe ta, kuma yaushe aka kwashe ta na ƙarshe.

Dasa bishiyoyi yana hana ambaliyar laka?

Yana taimakawa, amma ana yawan zuzuta shi. Saiwoyi suna ɗaure ƙasar sama mai kaurin mita ɗaya zuwa biyu, inda ƙananan zaftarewa da yawa ke farawa, kuma ganye da ciyawa suna rage gudun ruwa a kan gangare. Bayan an sare daji, saiwoyin suna ruɓewa cikin 'yan shekaru, a lokacin ne zaftarewa ke ƙaruwa. Idan kuwa tsagar da ƙasar za ta ɓalle daga gare ta ta fi zurfin saiwoyi, dajin gaba ɗaya yana tafiya tare da ƙasar, kututturan kuma su toshe gadoji. Gangaren Vargas cike suke da daji lokacin da suka ɓalle.

Me ya sa ake jin tsoron ruwan sama bayan gobarar daji?

Gobara tana cinye ciyayin da ke riƙe ƙasa, tana kuma barin wani siririn hawa a ƙarƙashin toka wanda ruwa ba ya ratsawa. Ruwan da a da ƙasa za ta shanye sai ya gudu a kai yana kwasar toka da tsakuwa. A nan ba a buƙatar kwanaki na ruwa, mintoci kaɗan na mamako sun isa. A Montecito ta jihar Kalifoniya, makonni bayan babbar gobarar Disamban 2017, an samu ruwa kimanin milimita 13 cikin minti 5 kafin asubahin 9 ga Janairu 2018. Laka ta cika ramukan tara tarkace ta wuce, ta kashe mutum 23, kuma akasarinsu suna zaune ne a yankin da ba a tilasta wa mazaunansa tashi ba. Haɗarin ya fi tsanani a shekara biyu na farko bayan gobara.

Ana iya samun gargaɗi kafin ta iso?

Inda tazara ke da nisa, ana iya samu. A Niyu Zilan, ranar 24 ga Disamba 1953, laka daga dutsen Ruapehu ta lalata gadar jirgin ƙasa a Tangiwai jim kaɗan kafin jirgi ya iso, mutum 151 suka mutu. Lokacin da irin wannan laka ta sake fitowa ranar 18 ga Maris 2007, na'urorin da ke jin girgizar ƙasa sun aika da saƙo, aka rufe hanyoyi aka tsayar da jirage, kuma ba a rasa rai ba. A ƙaramin kwari kuwa, tsakanin ɓallewar ƙasa da isowarta gidaje bai wuce minti biyu ko uku ba. Saboda haka a irin waɗannan wurare gargaɗin da ke da amfani shi ne na hasashen ruwan sama, wanda ke sa a tashi tun ba a ga komai ba. Irin wannan gargaɗi yakan sa a tashi sau da yawa ba abin da ya faru, kuma haka tsarinsa yake.

Akwai alamun da mazauna za su lura da su da kansu: ruwan ƙorama ya rikiɗe ya yi kauri da laka, ko ya ragu kwatsam alhali ana tafka ruwa, wanda ke nuna wani abu ya tare shi a sama, rugugi mai ƙaruwa daga cikin kwari, ƙarar karyewar itatuwa da karon duwatsu, sabuwar tsaga a ƙasa ko bango, ko ruwa yana ɓuɓɓugowa inda ba a saba gani ba.

Idan ta taso, me mutum zai yi?

Ya bar hanyarta ta gefe, ya hau tudu mafi kusa. Gudu zuwa ƙasa a gabanta ba ya fisshe shi, domin takan wuce kilomita 50 a awa. Kada ya tsallaka gada ko ya shiga ruwan laka da mota. Idan fita ta gagara, ya hau bene zuwa ɗakin da ya fi nisa da tsauni. Kada kuma ya sauko domin ganin ta lafa, saboda laka tana zuwa ne kashi-kashi, kuma kashi na biyu yana iya fin na farko.

Bayan ta wuce, za a iya komawa a sake gini a wurin?

Kafin komawa ko da domin kwashe kaya, sai masana sun duba saman kwarin, domin tarkacen da ya rage a can yana iya sauka da ruwan da bai kai na farko ba. A ƙasar Filifin, dutsen Pinatubo ya yi aman wuta a Yunin 1991, amma lakar tokarsa ta ci gaba da gangarowa kowace damina shekaru da dama, har a 1995 ta binne sassan garin Bacolor, inda cocin San Guillermo ya nutse zuwa kusan rabin tsayinsa.

Sake gini a daidai inda laka ta bi da ƙarfi ba shawara ce mai kyau ba, sai idan an yi aikin kariya da aka auna da abin da ya faru, aka kuma tabbatar da wanda zai kula da shi. Hukumomi da dama sun gwammace su sayi irin waɗannan filaye su mayar da su filin wasa ko gona ko hanyar wucewar laka. Mai gida ya kuma karanta takardar inshorarsa tun kafin damina. A Amurka, alal misali, inshorar gida ta yau da kullum ba ta biyan ɓarnar motsin ƙasa, inshorar ambaliya ta gwamnatin tarayya kuma tana biyan ɓarnar malalar laka amma ban da ta zaftarewar ƙasa, saboda haka yadda masu bincike suka rubuta abin da ya faru a rahotonsu yana iya yanke ko za a biya diyya.